Wurin Abdulnasir a Kan Tabarma

Ina cikin yankan yadi a shagona na ɗinki a Birnin Kudu, hantsi ya ɗaga, sai waya ta yi ƙara. Nasiha ce, babbar 'yar Abdulnasir. Ba ta yi sallama ba. Numfashinta kawai nake ji, can ta ce, "Baba Badamasi, Abba ya rasu."

Na yi salati, na sake yi. Almakashi na buɗe a hannuna, na rasa yadda ake rufe shi. Ta ce da safe ya ce kansa na ciwo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ta ce gida za a kawo shi, bayan azahar.

Mutanen jami'a za su faɗi littattafan da ya rubuta da ɗaliban da ya yaye, su ne suka san wannan. Ni abin da na sani game da abokina ƙarami ne, amma shi ya fi damunsa a ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa nake so a sani.

Abdulnasir ɗan Sara ne, ta ƙasar Gwaram. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu tun yaron yana firamare. Mahaifiyarsa, Inna Batulu, ita ce ta riƙe shi da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ƙanen mahaifinsa kuma, Baffa Ƙasimu, ya zame masa uba. Tare muka yi firamare, benci ɗaya. Daga baya ni na karkata wajen keken ɗinki na dawo Birnin Kudu, shi kuwa ya miƙe da karatu kamar wanda ake kira daga nesa. Ya karanta Tarihi, ya zama malamin jami'a a can birni, ya yi aure, ya zama Dakta. Duk da haka wata ba ya ƙarewa bai zo gida ba.

Abin da ke kawo shi, bayan Inna, ita ce tabarmar ƙofar gidan Baffa Ƙasimu. A nan magidantan layin suke ciyayya tun zamanin iyayensu. Idan an idar da magariba, kowa ya shiga gida ya fito da kwanon tuwonsa, a jera su tsakiyar tabarma. A buɗe ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ba a zuwa hannu rabbana, sai dai baƙo. Waɗanda suka yi cacar baki da rana a kan iyakar gona, a kwano ɗaya suke haɗuwa da yamma, kuma da wuya mutum ya ci gaba da gaba da wanda hannunsu ke gogayya a miya.

Da yake iyalin Abdulnasir na birni, Inna Batulu ce ke tuƙa masa nasa kwanon. Tuwon dawa da miyar kuka, barkono kamar an yi mata laifi. Shi da kansa yake ɗaukowa, ya naɗe hannun riga, ya kutsa tsakanin mutane ya zauna kusa da Buba.

Buba ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, abokin wasa tun daga ciki. Bakinsa kuwa ba linzami.

"Ku matsa, ku matsa," in ji Buba, "ga Dakta nan, wanda ko allurar kaza bai iya ba."

"Kai ma ka samu bakin magana? Mutumin da ya sayar da jaki ya sayo mangala."

"Ni dai na san abin da nake yi. Kai me ma kake koyarwa?"

"Tarihi."

"Gulmar matattu ke nan. Jama'a, ku ji mini, gwamnati na biyan mutum albashi don ya yi gulmar waɗanda ba za su tashi su rama ba."

Sai tabarma ta kaure da dariya, har Baffa Ƙasimu ya ce a bar yaro ya haɗiye lomarsa. Abdulnasir yakan yi dariya har hawaye su zubo, ba a sani ba ko na barkonon Inna ne ko na bakin Buba. Ya taɓa gaya mini cewa duk satin da zai zo gida, tun ranar Laraba yake fara jin ƙamshin daddawar nan a hancinsa.

Haka aka yi shekaru. Sai malaman tsangayarsu suka zaɓe shi shugaba.

Yadda ya bayyana mini, jami'a gari ce, tsangaya kuma unguwa ce a cikinta. Tasu ta haɗa sashen Tarihi, da na Hausa, da Larabci, da Turanci, da Nazarin Addini. Kowane sashe da shugabansa, su duka kuma suna ƙarƙashin mutum ɗaya. Ba sarauta ba ce, in ji shi, aro ne na shekara biyu, kuma abokan aikinka ne suke ɗora maka. Shi da ya so a bar shi da allo da ɗalibansa. Amma aka ce shi ne wanda ba ya faɗa da kowa.

Labari ya riga shi isa Sara. Da ya zo, ya gaida Inna, ya yi magariba, ya ɗauko kwanonsa ya fito kamar kullum. Sai ya tarar da wani abu a gefen tabarma: kujera mai hannu, an aro ta daga ofishin hedimasta, da ɗan teburi a gabanta. A kan teburin ga kula mai murfi, ga faranti, ga cokali an goge shi yana ƙyalli. Mutane duk suna tsaye.

Ya yi dariya, ya nufi wurinsa kusa da Buba. Baffa Ƙasimu ya riƙo damtsensa.

"A'a, Abdulnasir. Nan ne wurinka."

"Haba Baffa, ni ne fa."

"Mun san kai ne. Girman da Allah ya ba ka, mu ne za mu fara zubar da shi a ƙasa? Mutanen Gwaram su ji cewa shugaban malaman jami'a ya zo garinsu an zaunar da shi a tabarma yana lasar yatsa? Da ubanka na da rai, shi zai fara ɗauko kujerar nan."

Wanda ya san mutanenmu ya san ba a mayar da girmamawa. In dattijo ya karrama ka a gaban jama'a ka ƙi, kamar ka watsa masa ƙasa a ido ne. Abdulnasir ya dubi fuskokinsu, kowa fuskarsa cike da murna da alfahari. Wani ya karɓi kwanon Inna daga hannunsa ya ajiye cikin sauran. Ya zauna a kujera. Ya buɗe kula, shinkafa ce da rabin kaza.

Daga saman kujerar yana ganin ƙeyar kowa. Sun ci abinci a natse, ba mai ɗaga murya. Da aka buɗe kwanon Inna ƙamshin ya taso har inda yake. Ya jira Buba ya ce wani abu. Buba ya ɗago, ya buɗe baki, ya dubi Baffa, sai ya ce, "Allah ya taya riƙo, ranka ya daɗe."

Ya ɗauka abin na kwana ɗaya ne, ɗokin sabon abu. Da ya dawo wata na gaba, sai ya tarar an mayar wa hedimasta kujerarsa, magidantan layin sun haɗu sun sa kafinta ya yi wata sabuwa, mai katifa. A zaure ake ajiye ta, an lulluɓe da zane, ba mai hawa sai shi.

A jami'a ma labarin bai sha bamban ba. Akwai wata bishiyar darbejiya a bayan ginin tsangayar, inda malamai ke zama shan shayi tsakanin lacca da lacca. Shekara da shekaru yana cikinsu. Bayan zaɓe, ranar da ya fara zuwa ya zauna, hira ta mutu kamar an zuba wa wuta ruwa. Wani ya tuna yana da aji, wani ya tuna an kira shi. Ba ƙinsa suke ba. Sai dai yanzu shi ke sa hannu a sakamakon jarabawar da suka duba, shi ke raba ɗakunan karatu da lokutan lacca, ta hannunsa takardun ƙarin girmansu ke wucewa. Wa zai saki baki ya yi ƙorafin shugaban sashensa a gaban mutumin da gobe zai zauna a kan maganar?

Aikin kuwa ba ya ƙarewa. Da safe shugabannin sassa biyu su shigo suna jayayya a kan ɗakin taro ɗaya. Da rana ɗalibi ya zo da kuka, an rasa sakamakonsa na wani kwas. Da yamma a majalisar jami'a masu kimiyya su miƙe su ce ɗaliban Tarihi ba su cika aji ba, a ba su ɗakunan. Abdulnasir ya miƙe shi kaɗai ya kare nasa. Ya iya wannan, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya ja da baya. Sai dai in an tashi, kowa ya kama abokin tafiyarsa, shi ya koma ofis.

Yana da aboki a can, Dakta Bahauddeen. Ofis ɗaya suka zauna tun suna ƙananan malamai, gurasa ɗaya suke yagawa da rana. Lokacin ƙarin girma ya zo, aka duba aka ga rubuce-rubucen Bahauddeen ba su kai abin da doka ta ce ba, saura kaɗan. Abdulnasir bai aika masa da saƙo ba, ya taka da ƙafarsa har ofishinsu na dā, ya zauna ya gaya masa baki da baki cewa sai dai ya jira baɗi. Bahauddeen mutumin kirki ne. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya miƙe tsaye ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Daga ranar bai ƙara kiransa da sunansa ba.

Abincin rana kuwa, a kula Hajiya Munawwara, matarsa, ke zuba masa. In lokaci ya yi sai ya tura ƙofar ofis ya murɗa makulli, don an ce bai kamata a shigo a tarar da shugaba yana tauna ba. Ya ci yana kallon bango.

Shi ya sa ya ƙwallafa rai a kan tabarmar Sara. Ya ce in can ta gagara, nan bai kamata ta gagara ba.

Dabarar farko da ya yi, ni ya sa a ciki. Ya ce motar ce ke tsorata su. Sai ya riƙa ajiye ta a ƙofar shagona, ya tuɓe babbar riga, ya sa wani tsohon kaftani da na ɗinka masa tun yana sabon malami, ya tafi tasha ya shiga bas ɗin Gwaram, a matse shi tsakanin buhun masara da mai akuya. Ya sauka a Sara da ƙura har gira. Kafin ya gama gaida Inna an fito da kujera. Baffa har faɗa ya yi masa, wai don me zai wahalar da kansa, ko motar ce ta lalace a haɗa masa kuɗin gyara.

Dabara ta biyu ta fi ciwo. Ya fito daga masallaci da sauri kafin kowa, ya shimfiɗa tabarmar da hannunsa, ya zauna a wurinsa na dā, ya ajiye kwanon Inna a gabansa. Ya ce ai ba za su ɗaga shi ba. Ba su ɗaga shi ba kuwa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya turus. Sai Baffa Ƙasimu ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, nesa kaɗan da bakin tabarma. Sauran suka bi shi. Suka jera kwanukansu a can. Tunda shugaba ya zaɓi tabarma, to tabarma ta zama tasa.

Abdulnasir ya ga dattijon da ya riƙe shi zaune a turɓaya saboda shi, shi kuma ga shi tsakiyar tabarmar mutum goma sha, shi kaɗai da kwano ɗaya. Bai iya haɗiye ko loma ba. Ya miƙe ya shiga zaure, ya yaye zanen, ya ɗauko kujerar da kansa ya zauna. Sai suka karkaɗe riguna suka hau tabarma, hankalin kowa ya kwanta.

Da ya biyo ɗaukar mota ya ba ni labari, na ce bari in je in sami Baffa in yi masa bayani.

"Kada ka soma," in ji shi. "In ka roƙa mini, za su matsa mini wuri don kunyarka. Su zauna suna tauna a hankali kamar gaban alƙali. Ni ba wurin zama nake nema ba, Badamasi. So nake Buba ya zage ni."

"In zagi kake so ai ga ni. Dubi kanka, sanƙo ya cinye har ya fara neman kunnuwa."

Ya yi dariya. Muka aika aka sayo ɗanwake, muka zauna a ƙasa cikin ƙyallaye muka ci a kwano ɗaya. Daga nan abin ya zame mana al'ada. Amma ya ce mini, "Kada ka ji haushi, mutum biyu ba ciyayya ba ce. Wannan jinya ce."

Shekara biyu suka cika. Ya fara kwashe littattafansa daga babban ofis yana murna. Ya ce in ya sauka ya koma malami kamar kowa, kujerar Sara ba ta da sauran dalili. Ana cikin haka aka ce masu tantance kwasa-kwasai suna tafe, kuma ana maganar a haɗe sashen Tarihi da wani sashe saboda ƙarancin ɗalibai. Malamai suka taso a ƙungiya suka same shi, Bahauddeen ne a gaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka sauka yanzu, sashen da ya raine mu zai mutu a hannunmu. Ba wanda majalisa ke saurara kamar kai."

Ya zo shagona ina cikin ɗinkin wuyan riga, ya zauna ya gaya mini yadda suka yi.

"Me za ka yi?" na ce.

"In na ƙi, yaran da ke aji ɗaya yanzu su gama da takardar sashen da babu shi. In na karɓa kuma..." Bai ƙarasa ba. Ya karɓa.

Ya tsaya a kan aikin har sashen ya tsira. Ya bi makarantun sakandare da ƙafarsa yana yi wa yara bayanin amfanin sanin tarihi, ya lallashi tsofaffin malaman da suka yi ritaya suka dawo taimako, ya sa aka gyara ɗakin karatu. A cikin wa'adin nan na biyu aka ba shi Farfesa. A cikinsa kuma Inna Batulu ta rasu. Aka rufe ɗakinta, murhunta ya huce. Ko da za a ce ya sauko tabarma, ba shi da kwanon da zai fito da shi.

Da wa'adin ya ƙare ya miƙa wa wanda aka zaɓa, ya tafi Sara. Bayan magariba aka fito da kujera.

"Baffa, ai na sauka. Yanzu malami ne ni kamar dā."

"Girma riga ce da za a tuɓe a rataye?" in ji Baffa Ƙasimu. "Zauna, Farfesa."

Akwai kuma abin da ya lura da shi. Duk zuwan da zai yi, sai wani gida ya yanka kaza saboda kularsa, bi da bi suke yi, har gidajen da ya san ƙwai ma sai da dalili. Sai ya fara ja da baya. Ya koma sai Sallah, sai gaisuwar mutuwa. Amma Juma'a bai fasa ba. Ya taso tun daga birni, ya yi sallah a Birnin Kudu, ya zo shagona mu ci ɗanwake, ya tsaya bakin titi ya dubi hanyar Gwaram, sannan ya juya mota ya koma inda ya fito. Mutanen Sara ba su sani ba.

Juma'ar ƙarshe da ya zo, muna zaune a ƙasa, hannunmu dumu-dumu da mai da yaji. Ina ce masa ya rage loma, Farfesan da ke cin abinci kamar an sako shi daga kurkuku. Yana dariya har yana ƙwarewa. Sai labule ya ɗaga. Baffa Ƙasimu ne, da sandarsa da ledar magani. Asibiti ya zo a duba masa ido, ya ce bari ya biyo ya gaishe ni.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu. Ba wanda ya motsa.

"Bismillah, Baffa," in ji Abdulnasir, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi." Ya dube ni. "Badamasi, haka kake yi masa magana?"

"Haka muke tun firamare, Baffa."

Ya juya wajen Abdulnasir. "Yau za ka ƙarasa gida?"

Abdulnasir ya sunkuyar da kai. Tsoho ba yaro ba ne, nan take ya gane.

"Wato kana zuwa har nan ka juya. Tun yaushe?"

"An ɗan jima, Baffa."

Na miƙa wa Baffa kujerar keken ɗinki. Ya ƙi, ya dafa bango ya zauna a kan tarin yadi.

"Me muka yi maka? Abin da muke da shi muka ba ka. Kafintan nan sau biyu na mayar masa da kujerar, na ce katifar ba ta yi laushi ba. Buba da ka gani, ni na kira shi na ja masa kunne, na ce ranar da ya sake yi maka wasan banza a gaban mutane ni da shi ne. Don kada a ce ba mu san darajar ɗanmu ba. In wani abu ne ya gaza, ka faɗa a ƙaro."

"Ba abin da ya gaza."

"To mene ne?"

Mutumin da ke tsayawa gaban majalisar jami'a ya yi magana ba gargada, ga shi ya rasa ta inda zai fara.

"Baffa, yunwa nake ji a kan kujerar nan," ya ce. "A wurin aiki ni kaɗai nake ci, ƙofa a kulle. In na zo gida ma ni kaɗai. Kwanon Inna na ƙarshe da aka fitar, ina kallo kuka cinye, ban ɗanɗana ba. Ban san shi ne na ƙarshe ba."

Baffa Ƙasimu ya ciro hankici ya goge idon da aka sa wa magani, sannan ya goge ɗayan ma. A waje masu babur suna ta kiran fasinja.

"Shekara nawa," ya ce a hankali, "kana zaune a sama kana kallonmu, mu muna cewa mun fita kunyarka." Ya girgiza kai. "Kai ma da laifinka. Baki gare ka."

"Na ji kunyar mayar muku da alheri."

"Mu kuma muka ji kunyar zama da kai. Kunya ta cinye mu duka."

Ya yunƙura, muka kama shi ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo, ya nuna Abdulnasir da sanda, muryarsa ta koma irin ta dā, ta lokacin da yake korarmu daga kan bishiyar mangwaro.

"Juma'a mai zuwa ka zo. Kuma ka zo da kwanonka, ka san doka. Ba mai ci mana tuwo a banza, ko Farfesa ne."

Abdulnasir ya ce zai kai shi gida a mota. Baffa ya ce a'a, kada ya ɓata shiri, yana da maganar da zai yi da mutane tukuna. Muka raka shi tasha.

Juma'ar ba ta riske shi ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa, Buba ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya fito bai yi wa kowa magana ba. Allah ya jiƙan Abdulnasir, ya sa ya huta, ya haɗa shi da Inna a inda ba a ware kowa.

Amma a waccan Juma'ar, da muka dawo daga raka Baffa tasha, ba wanda ya san haka. Abdulnasir tafiya yake kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya buɗe mota, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya.

"Badamasi, wa zai tuƙa mini? Hajiya tuwonta na 'yan birni ne, in Buba ya gani na shiga uku."

"Barira za ta tuƙa," na ce, wato matata. "Mu naɗe shi a tsumma mu shiga bas, zai kai da ɗuminsa."

"Dawa fa, ba semo ba. Kuma ta cika barkono."

"Likita bai hana ka ba?"

"Likita ba ya ciyayya." Ya shiga ya rufe ƙofa, ya sauke gilashi. Fuskarsa ta koma ta yaron da muka zauna benci ɗaya. "Kana ganin Buba zai iya kuwa? Ya daɗe bai yi ba, kada ya zo yana ce mini ranka ya daɗe."

"Buba? Ai tara maka ya yi. Na shekaru zai sauke maka gaba ɗaya, sai ka nemi hanyar gudu."

"Allah ya sa," in ji shi. "Ka aika masa, ka ce kada ya rage komai. Ina nan tafe."